Ranar da Na Sa wa Mota Lalle

Tun da aka ce surukina zai sauka Madawa daga Makka, kuma ni zan ɗauko shi, na daina ganin tsohuwar motata yadda take. In na lumshe ido sai in gan ta shuɗiya tana sheƙi, muna gangarowa kwarin Buza a hankali, manoma na ɗaga kai daga cikin dawa, Alhaji na duba rawaninsa a jikin ƙofa.

Na sayi gwangwanin man ƙyalli a kasuwa. Mai shagon ya ce, "Kaɗan-kaɗan za ka shafa, cikin inuwa, ka goge nan take." Murmushi kawai na yi. Ni da na tashi tsakanin yayye mata shida, wa zai koya mini shafe-shafe? Ai na san lalle: a laɓta shi da kauri, a bar shi ya daɗe, sannan ya kama.

Na laɓta wa motar gwangwanin duka, na ajiye ta cikin rana don man ya shiga jiki, na miƙe ƙarƙashin itacen bedi na ci gaba da mafarkina. Kafin la'asar ya bushe ƙamas, fari fat, kamar an yi mata wanka da toka. Ni da matata muka murza har hannuwa suka mutu. Ko gezau.

Haka na tafi tasha. Alhaji ya zagaya ta sau biyu, ya gyara tsayuwa, ya ce, "Wagga kuma amaryar wa ce?"

Shekara uku ke nan. Ko jiya da na tsaya shan mai, mai zubawa ya leƙo ta taga ya ce, "Malam, wai yaushe ne wankan amarya?"