Ranar da Bijimi Ya Duba Aikina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka zo duba ginina na farko ba, kuma Allah ya sani na yi ƙoƙarin in manta.

A tsakiyar shekarun saba'in ne, ina saurayi, ina aikin zanen taswirar gini a wani ofishin ayyuka a Gusau. (Da za ka ga hotona na lokacin da ka sha dariya: suma tuli guda, wando mai faɗin ƙafa yana sharar titi, fensir maƙale a kunne ko da masallaci zan je.) Lokacin gwamnati na ji da kanta, kowane wata sai an ɓullo da sabon aiki. Sai aka ce za a yi wurin shaƙatawa na ruwa a bakin wani tafki da ke gindin dutse, kan hanyar Tsafe. Za a yi wurin ninkaya, da wurin sulun yara, da gini guda na canza kaya da shan lemo.

Shugabanmu Mista Ishaya, injiniya ne mutumin Jos, ba ya son dogon zance. Ya kira ni tare da abokin aikina Yohana, ya ce gurbi ɗaya tak ya samu na tafiya karatun zanen gine-gine a Zariya, kuma mu biyu muka cancanta. Ya ba Yohana rumfunan kasuwa a Bungudu, ni ya ba ni ginin bakin tafki. Wani babban jami'i zai zo daga Sakkwato ya duba, wanda aikinsa ya fi burge shi shi zai tafi. Wallahi har tausayin Yohana na ji. Rumfa fa!

Na je ganin wurin da damina, ko'ina kore shar, dutse ya yi wanka, tafki ya cika fal. Nan take na tuna wani gini da na gani a wata mujallar Turawa da aka bari a ofis, wanda aka ce ya saje da ƙasar da yake kai. Na ce ai kuwa ni ma nawa ba zai tsaya tsirara kamar akwati ba. Za a haƙa shi cikin gangaren tudu, bangon da duwatsun wurin, rufin kuma na azara da ƙasa, daidai da tudun da ke bayansa, a shuka masa ciyawa. Mutum zai taho daga sama ya hau kan gini bai sani ba. Ban shiga ƙauyen na gai da mai gari ba, ban tambayi kowa komai ba. Ni da na yi sakandare, me manomi zai gaya mini?

Bayan kaka aka fara aiki. Shugaban magina wani dattijo ne daga Rawayya, Baba Sani, wanda ya fara ɗora azara tun ba a haife ni ba. Ya karɓi takardata, ya juya ta, ya dubi ƙasa, ya sake duban takarda.

"Malam, nan za a aza shi?"

"Nan, Baba."

"Wurin ga burtali ne, hanyar shanu. In rani ya yi nisa duk ruwan ƙasar ga ƙafewa yake sai wannan. Ta nan suke gangarowa."

Na ce ni dai na zo na auna, ban ga ko saniya ɗaya ba.

"Da damina ka zo," in ji shi. "Kuma mi ne ne wannan, ciyawa bisa soro? Mu tun kakanni korar ruwa muke daga kan rufi da indararo, kai kuma kana kiran shi."

Sai na amsa masa da Turanci. (Na san ba ya ji. Don leburori su ji na yi.) Baba Sani ya ce, "To, Allah shi ba da sa'a." Shi da kansa ya je ya gai da mai gari, ya zauna da makiyaya, ya sa aka yi shingen ƙaya a saman tudu don shanu su riƙa zagayawa ta gefe. Ni ko godiya ban yi ba.

Aka gama aiki cikin bazara. Ƙasa ta bushe ƙayau, ko tsinke kore babu daga nan har 'Yandoto, amma rufina kore shar, domin safe da yamma ina sa leburori su hau da garwa su ba shi ruwa. Na kan tsaya daga nesa in kalle shi in ji kamar in yi wa kaina tafi. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai, wato shingen nan. Yana nuna inda tudu ya ƙare gini ya fara, ya tona mini asiri gaba ɗaya. Ana gobe baƙi za su zo na ce a kwashe shi.

"Malam, bari sai baƙin sun tafi," in ji Baba Sani.

"Baba, ai don baƙin nake cirewa."

Da hantsi motoci uku suka iso. An ce sun biya ta Bungudu, ko zama ba su yi ba a rumfunan Yohana. Babban jami'in ya fito cikin farar babbar riga, sitaci na ƙara. Na tare su a saman tudu, na ja su a hankali har kan ciyawa. Ya duba gabas, ya duba yamma, ya ce, "To, ina ginin?"

"Ranka ya daɗe, kana tsaye a kansa."

Ya buɗe baki, ya buga ƙafa a ƙasa, ya yi dariya ya dubi Mista Ishaya yana gyaɗa kai. Abin da ke ci mini rai ke nan har yau. Na riga na ci! Da a nan suka shiga mota suka tafi, da wani labarin nake ba ku.

Amma sai na ce su shigo su ji sanyin ciki. Aka zauna, aka buɗe lemo, na warware takarduna a kan tebur na shiga jawabi. Na ce ginin nan ba baƙo ba ne a wurin nan, ɗan gida ne. Na ce duk wani mai rai da ya taho daga tudu zai ɗauka ƙasa ce yake takawa. Ban rufe baki ba muka ji dif, dif, dif a samanmu. Ƙasa ta fara zubowa cikin kofuna. Na ce musu kada su damu, haka rufin gargajiya yake numfashi. (Numfashi! Har yau ban san inda na samo wannan ba.) Sai azara ta yi ƙara, jiƙaƙƙiyar laka ta faɗo tim a kafaɗar babban mutum, ƙafar wani jan bijimi ta ɓurmo ta rufi har cinya, tana harbin iska, ta kaɓe masa hula.

Kowa ya yi ta kansa. Kuma wa ya fara kaiwa ƙofa? Ni. Ni mai zanen, na ture babban baƙo gefe, na taka ƙafar Mista Ishaya, na fice da takalmi ɗaya.

A waje na ɗaga kai. Garke guda ne a kan rufina, sun samu ɗanyar ciyawa a tsakiyar bazara, suna ci ba ji ba gani, makiyayi na ihu yana kaɗa sanda. Baba Sani ya riga ya hau da igiya da katako, yana ba da umarni, har suka zaro bijimin lafiya lau. Ni ina tsaye rungume da takarda.

Da babban jami'in ya fito, rigarsa ta koma kalar ginin, ya tambayi abin da ya faru. A nan na yi abin da ya fi guduna muni. Na ce, "Ranka ya daɗe, magini ne bai sa azara mai ƙarfi ba."

Baba Sani ya sauko yana kakkaɓe hannu. Bai ɗaga murya ba. "Ranka shi daɗe, azara ta yi iyakar ƙoƙarinta. Wata biyu ana ba ta ruwa safe da marece."

Baƙon ya hango tulin ƙaya a gefe, ya tambayi ko na mene ne. Aka ce shinge ne. Ya ce wa ya cire? Sai leburori goma sha wani abu suka juyo gaba ɗaya suka dube ni. Ya karɓi hularsa daga hannun direba, ya hure mata ƙasa, ya ce, "Saurayi, gaskiya ka faɗa, ya saje da ƙasa. Ga shaidu nan masu ƙaho sun tabbatar." Dariyar da aka yi, har makiyayin da bai san kan zancen ba ya taya su.

Yohana ya tafi Zariya. Ni na raka shi tasha, na riƙe masa jaka, na yi masa murmushin da har yau nake jin ciwonsa a haƙorana. Ya dawo babban mutum, yana sa hannu a takardun da nake zanawa. Ba zan yi muku ƙarya ba, ban taɓa daina jin haushi ba, kuma babu wanda zan kama sai kaina. Ginin kuwa aka rufe shi da kwano, ya tsaya yana ƙyalli ana hango shi tun daga titi.

Ni aka mayar da ni sashen hanyoyi, wajen zanen kwalbati, a can na tsufa. Darasin da na koya bai da yawa: kafin ka ja layi a takarda, je ka gai da tsofaffin wurin, ka tambayi wa ke bin nan in ba ka nan. Na riƙe shi da kyau kuwa. Kwalbatocina suna nan daga Gusau har Tsafe, shanu na bi ta kansu kullum, ko ɗaya bai taɓa ɓurmawa ba. Sun saje da ƙasa sosai, har babu wanda ya taɓa tsayawa ya tambayi wa ya zana su.