Ranar da Gaisuwata Ta Ci Mana Gero

Ba zan taɓa mantawa da kakar da aka aike ni daji ba, ko da yake na sha roƙon Allah Ya mantar da ni.

Ni ban yi lakol ba, ban san boko ba, amma a garinmu, can gaba da Gidan Sori, in magana ta yi nauyi ni ake ɗora wa. Auren da na je nema ban san iyakarsu ba. Dangi su shekara ba sa magana, in zaunar da su su ci tuwo a ƙwarya ɗaya. Sirrina guda ne: ba ni gaggawa. Ban taɓa faɗin abin da ya kai ni gidan mutum ba sai na sha ruwa, na gaishe shi har kajin gidansa, shi da bakinsa ya ce, “To Inna, lafiya dai?” (Da wannan nake yi wa matan yanzu gori. Ku riƙe shi, za mu dawo kansa.)

Ana nan, ana nan, sai masu bindiga suka kafa mulki a dajin da ke tsakaninmu da iyaka. Babbansu ba a kama sunansa, Mai Daji ake cewa. Shi ke cewa a yi noma, shi ke cewa a bari. A shekarar ya ƙyale mu muka shuka, muka nome. Da gero ya nuna sai ya aiko cewa duk ƙafar da ta taka gonakin kudu, ta zama tasa. Gero na tsaye, tsuntsu na ci ta sama, gara na jira a ƙasa, rumbunanmu kuwa sai ɓera.

Maigari ya tara mu. Ya ce namiji in ya je riƙe shi za su yi. “Gwaggo, ke za ki. Tsohuwa ba mai riƙe ta, wa zai iya da ciyar da ke?” Aka yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Saƙon bai da yawa: a ba mu kwana bakwai mu yanke gero. Aka haɗa ni da Joɗi, wani dattijon makiyayi da suka kwashe wa shanu. Ya san hanyar saboda yawan bin sawu, kuma ba abin da ya rage a karɓe masa.

Ya goya ni a moton aro. A hanya ya ce, “Inna, mutanen nan ba su da zama. Kina ganinsa ki faɗi.”

Na ce, “Joɗi, kiwo naka ne. Magana bar mini.”

Muka same shi ƙarƙashin tsamiya, kan tabarma, bindiga a cinya, salula uku a gabansa. Bai wuce sa'an autana ba. Na durƙusa, gwiwa na ƙara, na fara. Ina wuni, ina gajiya. Lafiya. Ya iyali, ya yara? Lafiya. Ya muka ji da rana? Ya mahaifiya, tana da ƙarfi? Nan ya ɗago ya dube ni. Ya dukiya, ya shanu? (Shanun da nake gaisarwa har da na Joɗi a ciki, shi kuwa yana durƙushe gefena.)

Joɗi ya taɓa mini ƙafa da sanda. Na harare shi.

Aka kawo ruwa na sha. Na gyara lulluɓi ina jiran ya ce “lafiya dai?” Bai ce ba, yana latsa salula. To ni a tarbiyyata baƙo ba ya yanko magana kamar mai tallar gishiri. Sai na koma zagaye na biyu. Ya ƙoƙari, ya haƙuri da jama'a?

Yau da na tsufa ƙwarai zan faɗi gaskiya. Ba ladabi kaɗai ba ne. Bakin bindigar nan ni yake kallo, kuma muddin ina gaisuwa ba zai ce mini a'a ba. A cikin gaisuwar na ɓuya.

Sai salula ta yi kuka. Ya kara a kunne, ya miƙe tsaye. Ya ce, “Kaka, kin iya gaisuwa. Tun da na shigo daji ba wanda ya tambayi uwata sai ke. Ku ba ta akuya.”

Bakina ya riga ni: “Allah Ya yi albarka, Allah Ya ƙara arziki.” Kafin in haɗiye miyau motoci sun tashi. Na ɗaga murya na ce, “Gero fa, ɗana!” Hayaƙi na gaya wa.

Muka juyo, akuya tsakanina da Joɗi, ta jiƙa mini zane har sau biyu.

Gari duka na bakin masallaci ana jira. Maigari ya taso da kansa. “Gwaggo, mi ya ce?”

Na duba ƙasa, ba ta buɗe ba. Na ce, “Ya ce iyalinsa lafiya lau.”

“Geron fa?”

Joɗi ya ce, “Ba mu kai nan ba.”

Ana cikin haka sai Rabi maƙwabciyata ta kutso tana nuna kunnen akuya. “La ila! Ai wannan tawa ce, wadda suka ɗauke da bazara! Inna, ke ya ba? Har godiya kika yi?”

Na ce, “Har albarka na sa masa.”

Kwana goma sha biyu aka yi kafin ya yarda a sake ganinsa. Joɗi ya tafi shi kaɗai, ya ce daga tsaye ya yi maganar. Aka ba mu kwana uku, da sharaɗin a ajiye masa nasa dammunan a bakin gona. Lokacin tsuntsu ya gama rabonsa, gara ta fara nata. A shekarar tun kafin ruwa ya sauka muka koma cin ganye. Ba wanda ya taɓa ce mini laifina ne, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Matan rijiya ne kawai, in na wuce, sai wata ta ce, “Inna, ya mutanen daji, suna lafiya?”

Na gane gaisuwa ta wanda zai ji kunyarka ce. Wanda ya riƙe maka abinci, buƙata ake fara miƙa masa, in ya saura a zaune a tambayi uwarsa.

Watan jiya na je likita a Gidan Rumji. Tun daga bakin ƙofa na ce, “Gwiwata ce, ta hagu.”

Malamar ta dube ni ta ce, “Haba Kaka, ko sallama?”

Na ce, “Duba gwiwar tukuna, ɗiyata. In kin gama, har kajinku zan gaisar.”