Ranar Da Na Kira Gayya Da Tukunya Ɗaya

Ko na so in manta da wannan Asabar ɗin, mutanen Karare ba za su bar ni ba.

Shekarata ta farko ke nan da aka turo ni daga birnin Katsina in koyar da Turanci a firamaren garin. Ba ni da aure, ɗakina ɗaya, tukunyata ɗaya, sai ji da kai wanda ya fi kayana nauyi. Wata rana takarda ta zo daga ofis ana jan kunnen malamai, kuma a cikinta akwai kalmar "instigate". Hedimasta, Malam Lawal, ya miƙo mini ya ce in warware musu. Na gyara zama (irin ranar da nake jira ke nan). Na ce kalmar manya ce, ta takardun ofis da kotu, ba a jin ta a bakin 'yan tasha. Ma'anarta ka ingiza mutane su tashi su aikata abin da ba su yi niyya ba. Yawanci kan fitina ake faɗinta, amma ana iya ingiza mutum ga alheri ma.

Malam Lawal ya dube ni ta saman tabarau. "To ga bangon aji shida can kwance tun daminar bara. Ingiza mu gani."

Gaskiyarsa. Yaran a gindin dalbejiya suke karatu, ga damina ta matso, ruwan farko na sauka karatun ya tashi.

Ranar Juma'a bayan an idar da salla na nemi izinin mai unguwa, na miƙe. Ba yabon kai ba, na yi magana. Na ce garin da ke cika rumbu da gero da gyaɗa bai kamata 'ya'yansa su yi karatu a inda awaki ke kwana ba. Na rufe da cewa ni, da bakina, na kira gayya gobe da safe. Dattawa suka kalli juna, suka ce, "Madalla, Malam. Allah shi yi albarka." Na ɗauka fasahata ce ta burge su.

Washegari kafin rana ta ɗaga filin makaranta ya cika. Masu jakuna na kawo ƙasa, masu amalanke na jido ruwa, har wasu Fulani daga wajen Ruma sun zo da babura. Ni kuwa ina ta zagayawa da hannu a baya kamar injiniya. Zuwa azahar bango ya kai ƙirji.

Aka yi salla, kowa ya wanke hannu, suka zauna layi-layi a inuwa suna kallona. Na ɗauka wani jawabin suke so, har na fara gyara murya.

Mai unguwa ya yafito ni. "Malam, a hito da shi mana, mutane sun jigata."

"Da me, ranka ya daɗe?"

Ashe a ƙa'ida wanda ya kira gayya shi ke ciyar da ita. Kowane yaro a garin ya san haka, ban da malamin Turanci. A ɗakina kuwa rabin kwanon shinkafa ne da albasa biyu. Da na yi shiru da abin ya zo da sauƙi, amma sai na buɗe baki na ce, "Ai na ɗauka kowa zai zo da nasa."

Wani ya sheƙe da dariya, wani ya saɓa fartanyarsa a kafaɗa. Na dubi tulin ƙasar da aka kwaɓa, na san in suka watse za ta bushe, kuma ba mai sake amsa kirana. Wallahi na ji kunya ba kaɗan ba.

Sai ga Inna Hajara, tsohuwar da ke sayar da ƙosai a ƙofar makaranta, tafe da zugar 'yan mata, kowace da ƙwaryar fura ko kwanon tuwo a kai. Ta sauke nata a gabana.

"Tun jiya nike sauraren ɗakinka, ɗana. Ba daka, ba hayaƙi. Na ce yaron ga baki kawai gare shi, bai san mi ya ɗauko ba."

Ashe gida-gida ta bi da maraice, ta tayar da matan garin kaf, ba tare da jawabi ko ɗaya ba.

Aka ci, aka sha, aka koma aiki. Na tuɓe farar rigata na shiga cikin laka har gwiwa, don in sami inda zan ɓoye fuskata. Kafin ruwa ya sauka yarana sun koma aji, kuma har yau bangon yana tsaye. Ina alfahari da shi, ba na ɓoyewa. Sai dai tun daga ranar, in na ji bakina yana ƙaiƙayin tayar da jama'a, sai na fara leƙa murhu tukuna.