Rasuwar Dogo, Turnabis Mai Sauraron Inji

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu kuma wanda in an kira shi kishi ba zan musa ba, ni Lawali bakanike na unguwar Zango, nan Damagaram, nake sanar da 'yan uwa da direbobin tasha rasuwar abokin aikina Dogo, turnabis ɗin nan mai dogon ƙarfe da ƙotar ice. Ya cika ranar Talata da hantsi a gindin bangon garejinmu, bayan shekara talatin da ɗaya yana hidima.

Marigayin gado ne daga maigidana Malam Adam, Allah ya jiƙansa. Da ƙotarsa ta farko ta fashe, wani masassaƙi a Garagumsa ya yi masa ta icen aduwa, wadda ta goge ta yi sulɓi saboda yawan jingina da kunnena na dama.

Sauran turnabis kwance sukuru suka iya. Shi Dogo sauraro ne aikinsa. In mota ta zo tana kakkarwa, tana tari, an taka ta ƙi ja, to ɗaya daga silinda huɗu ba ta cin wuta. Sai in ɗora bakinsa a kan kowane injektar, wato ɗan bututun da ke fesa mai, in kara ƙotar a kunne. Mai lafiya ya ce “tik-tik-tik-tik”. Mai ciwo ya ce “tik… tik-tik…”, ko ya yi gum. In duka huɗun sun amsa, na san laifin buji ne, wato fulogin da ke kunna wa man wuta, ko wayarsa. Bai taɓa neman caji ba, bai taɓa yi wa kowa Faransanci ba. Da shi na samu sunan da ake kirana daga Kasuwar Dole har Dakusa: Lawali Mai Kunne.

Ciwonsa ya soma ne tun bara. Muryarsa ta riƙa yin ƙasa. Na ɗora laifin a kan 'yan kabu-kabu da suka cika titi da ƙara, na yi ta lallaɓa shi.

A cikin wannan hali ne wani da ake kira Mai Nasara ya buɗe gareji a tsallaken titi, daidai saitin idona, da wata na'ura mai allo da suke kira balis. Ya cusa mata waya a ƙarƙashin sitiyari, ita kuma ta rubuto ciwon mota. Shi ke nan fa! Jama'a su yi cincirindo kamar masu kallon ƙwallo. Mutumin da inji bai taɓa ƙona wa kunci ba, wai shi ne likita. Har da kujerun roba ya jera, da shayi. Ni kuma ina zaune a kan tsohuwar taya ina ƙirga motocin da na raina da hannuna suna shiga rumfarsa.

Mutum ɗaya ya rage mini cikin manya, Alhaji Ɗan Azumi mai jigilar kaya zuwa Gidimuni, wanda shekara ashirin ba ya bari wani ya taɓa masa mota. Ranar Litinin ya kawo ta tana ɗingishi. Na ɗauko Dogo, na ɗora a kan injektar na farko, shiru. Na biyu, shiru. Na uku da na huɗu, shiru. Ga inji yana juyawa a gabana, yana girgiza mini haƙora, amma Dogo ko uffan. Kunya ta hana ni faɗin gaskiya. Na daure fuska na ce buji ne, na canja duka huɗun. Aka tayar, tarin na nan yadda yake.

Alhaji bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Sai ya yi godiya, ya ja motarsa a hankali ya tsallaka titi. Kafin ya shanye kofin shayi balis ta nuna injektar na uku, wayarsa ce ta ci tsatsa. Aka goge, aka mayar, mota ta miƙe sumul. Abin da Dogo ke ganowa kafin mai mota ya gama gaisuwa! Zomo dai ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, amma ni da su duka nake fushi.

Wasu za su ce faɗuwa marigayin ya yi. Ba faɗuwa ba ce. Washegari na ga Alhaji ya turo motarsa ta biyu can, ni kuwa na yi jifa da Dogo a bango, ƙotar ta rabe biyu.

Abin takaici, Mai Nasara ne ya fara zuwa jaje. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya tsinci gawar, ya haɗa ƙotar da hannu, ya ɗora a kan wani inji da ke aiki, ya kara a kunnensa. Sai na ga yatsansa yana bugawa, tik-tik-tik, daidai yadda nawa ke yi a da. Cikin ladabi ya shaida mini wai Dogo na magana ras. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Marigayin ya bar guduma ɗaya, filaya biyu, da kile goma sha ɗaya na kwance noti, ban da lamba goma da ya shiga duniya tun da jimawa. Ya bar ni. Ya kuma bar maiɗakina Wasila, wadda ta yi wata shida tana rage mini ƙarar rediyo, tana cewa in je asibiti a duba ni, ina ce mata batir ne.

Za a naɗe shi a tsumma mai tsabta, a kwantar da shi a ƙasan akwatin kayan aiki ranar Alhamis bayan La'asar. An yarda Mai Nasara ya halarta, amma ya bar balis a gida, ya kuma faɗa mata abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Alhaji Ɗan Azumi, in zai zo, ya zo a ƙafa.

Masu ta'aziyya kuma, don Allah a zauna ta hagu da ni, a ɗan ɗaga murya.