Rasuwar 'Yar Bonkuku, Ƙwaryar Dijatu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido kuma a buɗe, ni Dijatu ta unguwar bayan kasuwa, nan Filinge, nake sanar da matan unguwa, da dangi na Bonkuku da Damana, da duk wadda ta taɓa cire mayafi ta ɗaura a ƙugu a tsakar gidan biki, rasuwar babbar ƙwaryata ta kiɗa, wadda kowa ya sani da 'Yar Bonkuku. Ta rasu tana da shekara arba'in da bakwai a hannunmu, ban da damina ɗaya da ta yi a gona. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kar wata ta ce na yi wasa da kalmar Allah. Na tambaya, an ce mini ko igiyar takalmi ce ta tsinke ana faɗa, balle wagga.

Ba a gabana ta rasu ba. Zan zo kan wannan.

Innata, Allah ya jiƙanta, ita ta sayo ta a kasuwar Bonkuku shekarar da anka yaye ƙanwata. Sai da ta ƙwanƙwasa duk ƙoran da ke rumfar, mai ƙorai ya gaji ya koma inuwa, sannan ta ɗauki wagga. A cinyarta ta riƙo ta tun daga can har Filinge. Ba ta yarda an ɗora ta saman mota ba. A riƙe wannan maganar, tana da amfani nan gaba.

Marigayiya ba ta da kwaɗayi. Ba a taɓa dama fura a cikinta ba, ba a taɓa wanke hatsi a cikinta ba. Aikinta ɗaya ne, a kife ta a kan zane a buga. In kin sa mata tafin hannu a tsakiya ta ce *dim*, a hankali, har ki ji shi a ƙirjinki. In kin koma gefe da zobba ta ce *kas, kas-kas, kas*. Masu jiran motar Yamai a tasha suna jin ta su san gidan da anka haihu. Ta raka amare ba su ƙirguwa, ta je sunan 'ya'yansu, ta je sunan jikokinsu. Da an kira salla take yin shiru, ko ana tsakiyar waƙa. Sau biyu ana zuwa aronta wajen wasan bori, ta ƙi. Ni na faɗa a madadinta, amma na san ranta.

Ciwo ɗaya ta taɓa yi, wata 'yar tsaga a baki, tsawon ɗan yatsa. Saminu gyartai, mai ɗinkin ƙorai na bakin kasuwa, ya yi mata ɗinki bakwai, ta tashi muryarta ta fi ta da.

Ta bar ragayar da take kwana a ciki, tana lilo ba kowa. Ta bar faifanta na rufi. Ta bar ƙananan ƙorai uku da ke amsa mata, waɗanda yanzu in an buga su sai ka ce kaji ke cin tsaba a kwano. Ta bar zobba huɗu. Ta bar ni. Ta bar kuma Mairama, maƙwabciyata ta jikin katanga, wadda shekara talatin in na buga ita ke bada waƙa, in ta yi tari na san inda zan rage hannu.

Yanzu ga yadda ciwon ajali ya zo.

Kun san ana makon al'adun gargajiya a gidan matasa, kuma mu mata anka ba ranar rufewa, Asabar mai zuwa, mu yi kiɗan ƙwarya. Kafin a buɗe, Mushe Abdurrazak, malamin lakkwal, wato makarantar boko, da ke cikin kwamitin shirya makon, ya zo zaure da takarda a hannu. Ya gaishe ni da ladabi, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya ce, "Inna, so muke ki ba mu aron 'Yar Bonkuku mu ɗora ta kan tebur. Mu shafa mata berni ta yi ƙyalli, mu rubuta tarihinta a gefe, baƙi daga Yamai su gani."

Na ce, "Berni wanda kafinta ke shafa wa kujera?"

Ya ce shi.

Na ce, "Mushe, ita ba kujera ba ce. Baƙin naka su jira Asabar su ji ta da kunnensu."

Ya tafi. Maigida yana zaune a zauren yana jan carbi.

Asabar da ta wuce na tafi Damana, ɗiyar ƙanwata ta haihu. Na bar marigayiya lafiya lau a ragayarta, wayam, rufe da faifai. Litinin da hantsi na dawo. Ina shiga ɗaki na ga ragaya ta yi ƙasa, igiya ta miƙe kamar an rataya tunkiya. Na sauke ta da ƙyar. Cike take da hatsi har baki.

To, mu nan kowa ya san ba a mai da abin aro wayam. Kin ari kwano, ki sa ɗan gishiri. Kin ari tukunya, ki sa kuka ko goro biyu. Da na ga hatsi na san an are ta bayan idona. Na juye shi a tabarma, sai ga abin da anka rufe: tsaga tun daga baki har cibiya. An cika tsagar da kol, ruwan liƙin nan mai kama yatsu, ya bushe ya yi fari. Bayanta kuma sai walƙiya take, an shafe ta da berni har kan ɗinkin Saminu.

Na kife ta. Na sa mata hannu. Ta ce *faf*. Kalmarta ta ƙarshe ke nan.

Na ɗauke ta a cinya cikin zane na kai wa Saminu. Ya juya ta, ya shinshina, ya kankara da farce. Ya ce, "Dijatu, da an kawo mini ita da tsagarta kawai, da kafin la'asar kin buga. Amma kol ya shiga naman, basilla ba ta hudawa, fashewa zai yi. Wanda ya yi wannan da ya kashe ta, jinya ya ɗauka yana yi." Na ce ya faɗa mini gaskiya. Ya cire hula ya mayar. Na gane.

Daga nan na fara duban mutane.

Na fara da Nasiba, matar ɗana, don ta sha faɗin wai yanzu kiɗa a salula yake, a haɗa da lasifika a huta. Ban buɗe baki ba ta ce, "Inna, ni ina wajen famfo." Na ce, "Yaushe?" Ta ce, "Duk lokacin." Kwana biyu cur a famfo. Na ajiye wannan a gefe.

Na tare Mushe Abdurrazak a hanyar lakkwal, yana hango ni ya fara duban salularsa. Berni bai musa ba. Ya ce, "Wallahi Inna, da izinin gida anka kawo mana ita, kuma lafiya ta bar hannunmu." Na ce wa ya kawo. Ya ce an buga ƙararrawa, yara na jiransa. Ban ji ƙararrawa ba.

Sai Mairama. Ita kaɗai ke shiga ɗakina ba sallama. Ita ta san yadda ake sauke ragaya. Ita ce kullum take cewa, "In kin riga ni, Dija, ki bar mini ita, kar 'ya'yanki su zuba wa awaki dusa a ciki." Na ɗaga mata gawar ta kan katanga. Ba ta dubi tsagar ba, ƙasa ta duba. Na ce, "Kin san wanda ya yi?" Ta ce, "Ki bar maganar nan." Na ce, "Rantse ba ki sani ba." Ta ce, "Ba na rantsuwa kan ƙwarya. Ki bar ta, ina gaya miki."

Mairama da ko kaza ta taka mata shanya sai ta rantse.

Abin da na yi daga nan zan faɗe shi da bakina, tun da unguwa duk ta gani. Akwai kwanonta a wajena, wanda ta aiko mini da dambu. Talata da safe na wanke shi tas, na goge, na miƙa mata ta kan katanga. Wayam. Ta karɓa, ta leƙa ciki, ta dube ni, ta shiga ɗaki. Tun ranar ba ta ce mini ba, ban ce mata ba. Shekara talatin ba mu taɓa kwana ba mu gaisa ba, ko ranar da akuyarta ta cinye mini zogale. Yau Alhamis, kwana na uku, kuma kun san musulmi ba ya wuce uku yana gaba da ɗan'uwansa.

A kwanakin nan gidana ya cika da alheri. An sayo mini kilishi ba salla ba, ba suna ba. An yaba tuwona sau biyu a zama ɗaya, tuwon da nake tuƙawa tun kafin a kawo lantarki unguwarmu ba a taɓa cewa komai ba. An ce in yi haƙuri, kowane mai rai mamaci ne, za a nemo mini roba babba mai kyau. Na lura kuma ana jan carbi da hannun hagu, don babban yatsan dama da manuni fatarsu ta yi fari ta ɗaɗɗaye. An ce takalmi anka liƙe. Na duba takalman gidan nan ɗaya bayan ɗaya. Duk lafiyarsu lau.

Yau da safe na ce hatsin nan ba zai shiga cikina ba, ban san hannun da ya zuba shi ba, gara in sheƙe in bayar sadaka. Ina ɗaga faifai sai toka ta tashi ta cika mini ido. Na duba, ga busasshen ganyen dogon yaro a ciki. Na tsaya. Mace ɗaya na sani a ƙasarmu ta Kurfai duka da ke yanka ganyen nan gida uku kafin ta cuɗa da toka, ni ce kuwa, haka Innata ta koya mini. Na nufi bayan ɗaki inda tulun irina yake, irin shukar bana, wanda na liƙe bakinsa da laka tun kaka. An fasa, an sake liƙewa, ga shatar babban yatsa a jikin lakar kamar kofaton raƙumi. Tulun ya koma rabi.

Ashe da hatsina anka yi mini tukuicin ƙwaryata. Kuma wace mace ce za ta cika ƙwaryar kiɗa har baki? Mace ɗan dintsi take sawa. Wannan aikin wanda ya ji ana faɗin al'adar ne daga zaure, bai taɓa ganin yadda ake yi ba.

Na kira Nasiba na nuna mata tulun. Ta ce ita dai daga famfo ta hango moto, babur ɗin gidan nan, ya fita ran Asabar da wani abu ɗaure a baya, ya dawo ran Lahadi da la'asar, ya faɗa ramin nan na kusa da tasha, abin ya yi tsalle. Ta ce Inna Mairama na ƙofar gida lokacin, ita ta taya tsincewa, har an roƙe ta don Allah don Annabi kar ta raba gida. Abin da Innata ta riƙo a cinya tun daga Bonkuku, shi anka ɗaure a bayan moto da robar taya. A ƙarƙashin buzun salla kuma na tarar da takardar godiya daga kwamiti, da hatimi, wai an gode wa mai ita da ya adana kayan tarihi.

An ce in faɗi sunan wanda ya yi. Ba zan faɗa ba. Ba don rufin asiri ba ne. Shi wannan sunan ko ana zaman lafiya ba na faɗinsa, shekara talatin da biyu ke nan bai fito daga bakina ba, kunya ce irin tamu, ba kuma zan fara yau saboda ƙwarya ba.

Mairama, ke kuwa zan faɗi naki a gaban kowa. Kin haɗiye zargina don gidana ya zauna, ni na saka miki da kwano wayam. Na yi kuskure. Ki yafe mini tun rana ba ta faɗi ba. Ki miƙo kwanon nan ta kan katanga in gyara abin da na ɓata. Amma ki sani, da kin rantse tun farko da ban sha wahalar duba takalma ba.

Ga tsarin jana'iza.

Ba za a yi mata salla ba, ƙwarya ce, na san addinina. Gobe Juma'a bayan la'asar za a taru a tsakar gidana. Saminu zai raba ta a hankali ta bin tsagar. Ɓangaren da ke da ɗinki bakwai nawa ne. Babban ɓangaren na Mairama ne, tun da ta daɗe tana roƙo, in ta zo. Sauran sakaina a raba wa matan da marigayiya ta raka ɗakin miji, su riƙa kwasar gari. Kwamiti in suna so su aiko a ba su guntu su ɗora kan tebur, ya riga ya sha berni.

Ba a kawo abinci, ba a kawo roba. Asabar za mu yi kiɗanmu da ƙananan ukun nan, in Mairama ta yarda ta ɗaga murya ta rufe mana rauni. Ranar kasuwar Bonkuku kuma za a tafi neman magajiya. Ni da Mairama za mu zaɓa. Wanda zai riƙo ta a cinya har Filinge an riga an san shi.

Masu ta'aziyya su tsaya a zaure tukuna. An shimfiɗa tabarma, maigida ne zai zauna karɓar gaisuwa, daga la'asar har magariba. Kowace mace ta durƙusa ta yi masa ta'aziyya da kyau, ta tambaye shi yadda ciwon ya faro, don shi ke kusa da ita lokacin. Bai san da wannan ba tukuna. Mushe Abdurrazak, tun da kai ka iya karatu da murya, ka biyo ta zaure ka karanta masa.

Allah ya ba mu haƙuri, ya sa mu cika da imani.

Dijatu, unguwar bayan kasuwa, Filinge.