Raken da Na Kai Ofishin Biza

Ko zan manta komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kwanta rubda-ciki a ƙofar wani ofishin jakadanci a Yamai ba, cikin babbar riga ta aro, ina kururuwa kamar akuyar da aka kai mahauta.

Shekarar fari ce, zamanin mulkin soja. Gero ya ƙone tun bai fidda kai ba, dabbobi na faɗuwa a bakin hanya. Mu a Matamaye abin da ya rage mana shi ne fadama, inda muke noman rake. Can ɗin ma ruwa ya yi ƙasa, sai ka wuni kana jan guga ba ka jiƙa rabin lambu ba. Ana cikin haka wani kamfani a Turai ya gayyaci ƙungiyarmu ta masu lambu, ya ce a aiko mutum ɗaya ya duba injinan ban ruwa, ya zaɓi wanda ya dace da rijiyoyinmu, a yi ciniki. Kowa ya san in injin bai iso kafin bazara ba, raken ma ya bi gero.

Ni aka zaɓa, don na yi lakwal, wato makarantar boko, ina jin Faransanci (ni a lokacin na ɗauka don hankalina ne). Iyakar sanina da ƙasar waje kuwa shi ne zuwa Daura ran kasuwa: ka gaisa da ƴan duwan, wato kwastan na kan iyaka, ka tambayi iyali, ka miƙa goro, ka wuce. Amma wannan karon aka ce sai da biza. Na sha zirga-zirga tsakanin gida da Damagaram har na haɗa fasfo da hotuna da katin rigakafi da takardar gayyata, ga tikitin zuwa da dawowa. Saura in kai kaina Yamai.

Ranar da zan tashi, Alhaji Isa, ƙanin mahaifina kuma shugaban ƙungiyar, ya ara mini babbar rigarsa ta Sallah. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai, haka za ka je ƙofar manya hannu rabbana? Wa ya taɓa neman alfarma babu gaisuwa?"

Na ce, "Baba, ni ma abin da ke raina ke nan."

Ƙarya nake, ban yi tunanin ba sam. Amma da yake ina son a ce na san ya kamata, sai na zarce lambu na saro mafi kyawun raken da muke da shi, masu kauri, na datse su daidai tsawon hannu da rabi. Na naɗe su cikin jiƙaƙƙen buhu don kada su bushe a hanya, na ɗaure tamau, har da yi musu maratayi na igiya. A mota ban yarda kowa ya taɓa ƙunshin ba.

Da safe na isa ofishin. Layi ya miƙe, ƴan boko ne da kwat da jakunkuna, ga sojoji a bakin ƙofa fuska babu annuri, don a kwanakin gari cike yake da raɗe-raɗi. Ni kuwa na taho gadan-gadan, riga na jan ƙasa, doguwar aba a naɗe rataye a kafaɗa. Ban bi layi ba, don a garinmu mai gaisuwa ba ya layi, wajen mai gadi yake zuwa a yi masa iso.

Wani saje ya daka mini tsawa. "Kai! Tsaya nan! Mene ne a bayanka?"

Mai hankali tsayawa zai yi ya ce rake ne. Ni sai na yi murmushi, na sauke ƙunshin da sauri, na riƙe shi da hannu biyu cikin ladabi, na nuna shi saitin ƙirjin saje.

Ban san sadda na ji ƙarar ɗana bindigogi ba. Layi ya watse, wata mata ta bar takalminta ɗaya, wani mai kwat ya faɗa cikin lambatu. Aka ce in kwanta, na kwanta tun ba a rufe baki ba. Faransancin da aka zaɓe ni dominsa ya gudu ya bar ni. Kalmar shahada na ja, sannan na shiga ihu, baki cike da ƙasa: "Rake ne! Wallahi rake ne! Na Matamaye!"

Saje ya matso a hankali, ya sa wuƙar bindiga ya yanke igiyar, ya yaye buhun da ƙafa. Ya daɗe yana kallo. Sai ya ɗauki sanda ɗaya ya karya a gwiwa, ya ɓare da haƙori, ya tauna. Ya ce, "Wannan makamin naka akwai zaƙi. Tashi, kwamanda." Wurin ya ɗauki dariya, har da mai kwat ɗin da ke fitowa daga lambatu. Ni da za a ba ni zaɓi, da na ci gaba da kwanciyata.

Haka aka shigar da ni, riga duk ƙasa, hula a hannu. Na riga na fidda rai. Abin da ke cina shi ne yadda zan dubi idon mutanen da suka raka ni tasha da addu'a.

Baturiyar da ke ba da biza ta ga komai ta taga. Ta duba takarduna ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Malam, nan ba a karɓar kyauta, ka sani daga yau." Na ce na sani ƙwarai. Ta ce takardun sun cika, amma akwai sauran tambaya: bana mutane da yawa na gudun fari, me zai tabbatar mata in na tafi zan dawo?

Na waiga taga, sai ga saje a ƙarƙashin bishiya yana raba wa yaransa guntayen da ya karya. Na nuna mata na ce, "Madam, wancan da guga muka shayar da shi, a shekarar da ruwan sama ya ƙi. Sauran yana can tsaye yana jira na. In ban koma ba ya mutu, kuma ba nawa ne ni kaɗai ba."

Ta dubi sojojin, ta dube ni, ta kawar da kai tana danne dariya. Ta ce in dawo jibi. Da na dawo na tarar da hatimi a fasfona, saje kuwa har da sara mini.

Injin ya iso kafin bazara, fadama ta rayu, mu ma muka rayu. Na so in binne labarin a Yamai, amma ashe wani direban garinmu na wurin, labarin ya riga ni isa gida. Har yau jikokina Kwamandan Rake suke ji ana kira na, sun ɗauka na yi aikin soja, ni kuma ban taɓa gyara musu ba.

Alhaji Isa har ya koma ga Allah yana cewa gaisuwarsa ce ta samo mana biza, kuma ban iya musa masa ba. Abin da dai na koya shi ne, in za ka kai wa manya tsaraba, ka bar ta a buɗe. In kuma mai bindiga ya tambaye ka mene ne, ka amsa da baki kafin ka nuna masa.