Babur Mai Ƙaho

"Wallahi ko guguwa ce ta taso daga Mai'adua, babur ɗina ba zai taɓa ƙasa ba!"

Sharfaddeen ke nan, dillalin awaki a kasuwar Daura, sarkin cika baki. Ka dai san irinsu, ba sa tambaya, sai koyarwa.

Abin da ya jawo rantsuwar kuwa, Malam Sada, mahaifin Khairat da yake nema, ya ce ba zai ba mai ganganci a hanya 'yarsa ba. Sai ya ga babur, ya ga natsuwar mai shi.

Gogan naka ya nufi shagon Kabiru mai kayan babur. Kabiru ya miƙo masa ƙarfen kariya, wanda ake ɗaurawa gaban inji don kare ƙafa, ya haɗa da hular kwano.

"Wannan tsinken?" in ji Sharfaddeen. "Ko akuyata ta tunkuye shi sai ya lanƙwashe. Kwanonka kuma riƙe abinka. In kifa tukunya a kan hular da aka wanke mini jiya?"

Ya sungumo tsohon bututun rijiyar burtsatse, sai wajen mai walda, a yi wa babur kariya da shi.

"Ƙara faɗi!"

"Yallaɓai, ya isa fa."

"Naka ne? Ƙara!"

Babur ya fito da ƙahoni kamar bijimin Fulani. Da aka zo gida, ƙofar zaure ta ƙi karɓarsa. Maƙwabta suka tambaya, ya ce iska yake sha.

Ranar Juma'a bayan la'asar ya zuba babbar riga, ya yi wanka da turare, ya kama hanyar tsohon gari. Abin da uban masana ya manta, lungun su Khairat tsukewa yake daga ciki. Da ya hango Malam Sada da abokansa a kan tabarma, sai ya danna hon, ya ƙara wuta.

Ƙarau! Ƙahoni suka ciji katanga dama da hagu. Babur ya tsaya cak. Sharfaddeen bai tsaya ba. Ya wuce ta sama, riga na kaɗawa, ya sauka da ka a kwata. Har ni sai da na ji tausayin hular nan.

Malam Sada ya taso, ya girgiza babur, ko motsi. Ko ƙwarzane babu.

"Ka cika alƙawari, yaro, bai faɗi ba," ya ce, yana kallon abin da ke fitowa daga kwata. "Da shi ne ya zo neman auren, da yau na ba shi."